Kananzir a robar lemo ba ƙaddara ba ce

Likitocin yara a asibitocinmu sun daɗe suna faɗa: a cikin yaran da ake kawowa sun sha guba bisa kuskure, masu shan kananzir ne kan gaba, kuma yawancinsu ba su kai shekara 5 ba. Dalilin a fili yake. Mai kananzir yana aunawa a robar lemo ko ta ruwan sha, a gida kuma a ajiye ta gindin murhu. Yaron da ya fara tafiya, ƙishi ya kama shi da zafin bazara, abin da ya sani kawai shi ne jiya a irin wannan roba aka ba shi zoɓo. Sai ya kafa kai.

Ba kananzir kaɗai ba. Akwai fiya-fiya da shinkafar ɓera a ƙarƙashin gado. Akwai ragowar maganin feshi da maigida kan jingine a zaure da damina. Akwai sodar haɗa sabulu, wadda idan an jiƙa ta ba ta da maraba da ruwa a ido, amma kurɓi ɗaya kan ƙona maƙogwaro har haɗiyar abinci ta gagara. Ko ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki, mai kama da alawa, tana iya kashe ƙaramin yaro idan ya sha da yawa.

Abin da ya fi damun wannan jarida shi ne abin da ke biyo baya. Da an ga yaro ya sha wani abu, gida ya rikice, wannan ta rugo da manja, waccan da madara, wata ta tura masa yatsa a baki don ya yi amai. Duk da kyakkyawar niyya ake yi, amma sau da yawa nan ne ɓarnar take. Kananzir bai cika yin illa a ciki ba; haɗarinsa yana huhu. Idan aka tilasta amai ko aka yi ɗure, sai ya kwarara hanyar numfashi, ya jawo ciwon huhu mai tsanani. Soda kuwa ta ƙona maƙogwaro a shiga, amai ya sa ta sake ƙona shi a fita. Manja ba ya kashe guba. Abin yi shi ne a cire wa yaro kayan da abin ya zuba a kai, a wanke masa jiki, a ɗauki robar ko kwalin abin da ya sha, a nufi asibiti nan take, ko da yana wasansa kamar lafiya lau.

Hukumomi ma da nasu aikin. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da maganin ƙwari na Sniper da ire-irensa a kasuwanni da kantuna, amma kowa ya san har yau ana samun fiya-fiya a ƙananan kwalabe marasa suna, a kan teburin da ake sayar da biskit. Amurka ta yi dokar murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba tun 1970. Mu har yanzu leda da tsohuwar roba muke fama da su.

Kuma a daina ɗora laifin duka a kan uwa. Matar da ke girki da goyo a baya, ga wasu biyu suna zagaye ta, ba za ta iya sa ido kowace daƙiƙa ba. Maigidan da ya sayo gubar shi ya kamata ya kafa kanta mai tsawo ko akwati mai kwaɗo. Mun yarda da ƙaddara, amma addini bai ce a bar guba inda hannun yaro zai kai ba.

Muna kira ga limamai, ma'aikatan awon ciki da na rigakafi, da gidajen rediyo su riƙa maimaita wannan magana. Kai kuma mai karatu, duba ɗakinka da madafarka yau, kafin yara su riga ka.