Ƙaryar adireshi don samun makaranta: a kama manya, a bar yara su yi karatu

1/ Daren jiya a ɗakinmu na hostal musu ya kaure har wajen ƙarfe biyu. Tambayar ita ce: uwar da ta yi ƙaryar adireshi don ɗanta ya shiga makaranta mai kyau, ɓarauniya ce ko uwa ce kawai? A Amurka har ɗauri an yi kan wannan. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo 🧵

2/ Bari mu fara daga tushe. A Amurka makarantar gwamnati kyauta ce, amma ga mazauna yankin kaɗai. Inda kake kwana shi ke yanke makarantar da ɗanka zai je. A jihohi da yawa kuma babban kaso na kuɗin makaranta daga harajin gidaje yake fitowa. Unguwar masu kuɗi, makaranta mai kyau. Unguwar talakawa, sai haƙuri.

3/ To nan ƙaryar ke shigowa. Mutum yana zaune a wani gari, sai ya rubuta adireshin kakar yara, ko na kawu, ko na abokin aiki. Wani ma hayar ɗan ɗaki zai kama, ba ya kwana a ciki, takardar hayar kawai yake so.

4/ Birnin Washington ya fi ko'ina dacewa da misali. Ɗan ƙaramin birni ne, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 177, jihohin Maryland da Virginia sun sa shi a tsakiya. A wasu unguwannin, titi ɗaya za ka tsallaka ka bar birnin ka faɗa Maryland.

5/ Ga kuma abin kwaɗayi. Tun 2008 birnin ya yi dokar ba yara 'yan shekara 3 da 4 karatun share fage kyauta. A ƙasar da renon yaro ke cin dubban daloli a shekara, wannan ba ƙaramar garaɓasa ba ce. Shi ya sa mazauna birnin ke yawan ƙorafin ganin motoci masu lambar Maryland a layin sauke yara da safe.

6/ Wani abokina ya ce, "To mene ne? Ai ilimi ne, ba wanda aka cuta." A nan muka raba gari. Kujerun makarantun da ake rububi ba sa isa, ƙuri'a ake yi, ana kiran tsarin My School DC. Duk kujerar da aka samu da ƙarya, akwai yaron da ke jerin jira wanda aka ture. Sau da yawa ɗan talakan birnin ne.

7/ Kuma ba kullum talaka ke yin ƙaryar ba fa. A 2016 kotu ta umarci wasu ma'aurata, dukansu 'yan sandan birnin, su biya dala 539,000 saboda sun yi shekaru suna sa 'ya'yansu uku a makarantun birnin alhali ba a ciki suke zaune ba. Dokar can ta yarda a ninka kuɗin da aka ci sau uku.

8/ 'Yan sanda fa! Masu albashi, waɗanda suka san doka ciki da bai. Irin wannan ni ko kaɗan ban ji tausayi ba.

9/ Amma ku ji ɗaya ɓangaren. A 2018 hukumar ilimin birnin, OSSE, ta binciki makarantar fasaha ta Duke Ellington, wadda ɗan barkwancin nan Dave Chappelle ya yi. Ta ce ɗalibai 164 ba mazauna birnin ba ne, kuma ba sa biyan kuɗin da ake karɓa daga baƙi, wajen dala 12,000 a shekara.

10/ Labari ya karaɗe jaridu. Iyaye suka garzaya kotu, aka sake duba takardu, sai ga shi an wanke da yawa daga cikinsu. Ka yi tunanin yaron da aka nuna da yatsa a aji, ana cewa iyayensa maƙaryata ne, daga baya a ce kuskure aka yi. Wa zai biya shi wannan kunyar?

11/ Wanda ya fi taɓa ni shi ne na jihar Ohio a 2011. Wata uwa baƙar fata a garin Akron ta yi amfani da adireshin mahaifinta ta sa 'ya'yanta mata biyu a makarantar wata unguwa da ta fi tsaro. Hukumar makarantar ta ɗauki mai binciken sirri ya riƙa binta yana ɗaukar bidiyo.

12/ Aka yanke mata kwana 10 a gidan yari, ta yi 9. Ga tabon babban laifi a sunanta, ita kuwa karatun zama malama take yi a lokacin. Sai da gwamnan jihar, John Kasich, ya sassauta laifin daga baya. Wallahi wannan ba gyara ba ne, huce haushi ne a kan mara ƙarfi.

13/ To ni ina na tsaya? Ƙaryar adireshi laifi ce, a hana ta. Amma yadda ake hanawar shi ne komai. Ana iya tare ɓarna ba tare da an mai da iyaye abin farauta ba. Ga abin da nake ganin hukumomin birni za su yi:

14/ Na ɗaya: a tare a bakin ƙofa, lokacin rajista, ba sai yaro ya yi shekara biyar a makaranta ba. Gwamnati ta riga ta san inda mutane ke zaune. Ofishin haraji ya sani, ofishin lasisin tuƙi ya sani, ofishin tallafin abinci da lafiya ya sani. Su dai su yi magana da juna, da izinin iyaye.

15/ Washington ta fara hakan, iyaye na iya yarda a tantance su ta bayanan haraji ko na tallafi. Amfaninsa biyu ne. Mai gaskiya ya huta da yawon kwaso takardar haya da ta wuta duk shekara. Maƙaryaci kuma zai sha wuya, don wanda ke biyan harajinsa a Maryland ba zai ɓoye wa kwamfuta ba.

16/ Na biyu: a cire aikin binciken daga wuyan makaranta. A can kuɗin da makaranta ke samu yana bin yawan ɗalibanta. Shugaban makarantar da ya kori ɗalibi ya rage wa kansa kuɗi ke nan. Ka ba kura ajiyar nama, sannan ka zo kana mamaki? Ofishi na daban ya kamata ya riƙe binciken.

17/ Na uku: a fara da na cikin gida. Ma'aikatan birni ai adireshinsu na cikin takardar albashi, duba ɗaya ya isa. A 2018 ɗin ma shugaban makarantun birnin, Antwan Wilson, sai da ya sauka daga muƙaminsa don an sauya wa 'yarsa makaranta ba ta hanyar ƙuri'a ba. In manya na tsallake layi, da wane baki za a tuhumi ƙanana?

18/ Na huɗu: kafin a kira mutum maƙaryaci, a saurare shi. Rayuwar talaka ba ta shiga fom tsaf. Akwai yaron da iyayensa suka rabu, rabin mako nan rabin mako can. Akwai wanda kakarsa ke riƙo. Akwai waɗanda aka kora daga haya suna raɓe gidan dangi, su ma dokar McKinney-Vento ta 1987 ta kare su.

19/ Na biyar: hukunci ya zama na kuɗi, gwargwadon ƙarfin mutum, ba gidan yari ba. Yaron kuma a bar shi ya ƙarasa zangonsa. Ba shi ya cike fom ba, ba shi ya sa hannu ba. Laifin babba bai kamata ya hau kan yaro ba.

20/ Na san wani zai ce, "Malam, mu ina ruwanmu da Washington?" Ruwanmu ya kai har wuya. Mu tamu ƙaryar ba ta adireshi ba ce, ta asali ce. A jami'o'in tarayya ana raba gurbi kashi 45 cancanta, 35 yankin da jami'a ke ɗiba, 20 jihohin da aka bari a baya a ilimi.

21/ Duk wanda ya yi fafutukar samun gurbi ya ji labarin takardar shaidar ƙaramar hukuma ta bogi. A ajinmu akwai wanda ko hanyar ƙaramar hukumar da ke takardarsa bai sani ba. Gurbin da aka ware don ɗan ƙauye, ɗan mai hanya ya shige da shi. Cuta iri ɗaya ce, kaya kawai ta sauya.

22/ Abin haushin ma, tamu a juye take. Wanda aka haifa a gari, ya tashi a nan, iyayensa na biyan haraji a nan, sai a ce masa baƙo ne, a jami'ar jiha ya biya kuɗin da ya fi na 'yan ƙasa. Su can suna tambayar ina kake kwana, mu muna tambayar ina aka binne kakanka.

23/ Magana ta gaskiya: ba wanda ke ƙarya don ya kai ɗansa makarantar da rufinta ke yoyo. Muddin makarantar unguwa ɗaya ta fi ta maƙwabciyarta nesa ba kusa ba, iyaye za su ci gaba da tsallaka katanga. Tantancewa na rage ɓarna, gyara makarantun da ake gudu shi ke kashe ta.

24/ Musun namu dai bai ƙare ba. Abokina har yanzu yana cewa da shi ne uwar nan ta Ohio, abin da zai yi ke nan. Na ce masa wataƙila ni ma haka, amma in ɗanka ne aka ture daga jerin jira fa? Ya yi shiru, ya ja bargo.

25/ Ku fa, wanne kuka ɗauka? Ku faɗa min a ƙasa, amma don Allah ban da zagi. Ni na tafi, ina da jarabawa ƙarfe takwas.