«Me Za Ki Ci da Shi?» Raddi a Kan Karatun Baƙar Fata a Jami'a

Bayan fitowar sakamakon bak na bara, wata ɗalibata da ta ci da daraja ta shigo ɗakin malamai neman shawara a kan fannin da za ta bi a jami'a. Da aka tambaye ta abin da ranta yake so, sai ta ce tana son ta karanci tarihin baƙar fata da harsunansu da adabinsu, na nan gida da na waɗanda aka tsallakar da su teku, duka a fanni guda, kamar yadda ta ji ana yi a Amurka. Kafin in buɗe baki, wani abokin aikina ya tuntsire da dariya, ya ce: «Ɗiyata, me za ki ci da shi?» Wani kuma ya miƙe yana zuba mata kirari, wai ga jikar Sarauniya Mangu, maza ta nemi burs ta tafi Amurka inda aka san darajar baƙin mutum. Yarinya ta fita da ruɗu fiye da wanda ta shigo da shi. Ni kuwa na yi shiru a ranar, kuma shirun nan bai bar ni na sake ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Da mai dariyar da mai kirarin na zo yi wa raddi, domin kuskurensu uwa ɗaya uba ɗaya ne: cikinsu babu wanda ya ɗauki abin a matsayin ilimi, irin wanda ake zama a koya, a shiga jarrabawa, a ci ko a faɗi.

Mu fara da Amurkar da ake ta ambato. A watan Nuwamba na 1968 ɗaliban kwalejin gwamnati ta San Faransisko, baƙaƙe da ƴan sauran tsirarun al'ummu, suka shiga yajin karatu wanda bai ƙare ba sai cikin Maris na 1969, bayan an sha duka da kame-kame. Abin da suka nema shi ne sashe mai zaman kansa, da malamansa da digirinsa, inda za a koyar da tarihi da rayuwar baƙar fata. Suka samu, sauran jami'o'i suka bi sahu. Tun kafin su Carter Woodson ya ƙirƙiro makon tarihin baƙar fata a 1926, Du Bois kuma ya rasu a Akara a 1963 yana tsakar aikin babban kundin sani na Afirka. Mutanen nan tsiraru ne a ƙasar da ta bautar da kakanninsu, ta kuma share su daga littattafan makaranta. Da launin fata aka ɗaure su, saboda haka dole launin ya zama sunan fanninsu. Faɗan kuwa bai mutu ba, tunda a Janairu na 2023 hukumomin jahar Fulorida suka hana wani darasi irin wannan shiga makarantunsu na sakandare.

To, amma a Yamai, idan ka ce wa mutum shi baƙi ne, wane labari ka ba shi? Mai sayar da ƙuli-ƙuli baƙi ne, ministan ilimi baƙi ne, wanda ya ci amanar dukiyar ƙasa baƙi ne, wanda aka ci amanarsa ma haka. Sa'an nan ƙasarmu ta Abzinawa ce da Larabawa da Tubawa da Fulani kamar yadda take ta Hausawa da Zabarmawa da Barebari da Gurmawa. Wanda ya kafa fanni a kan launi a nan, rarraba ya shuka. Sunan dai kayan aro ne, ba ya rufe katara. Abin ɗauka daga yaran San Faransisko tambayarsu ce: wa ya tsara abin da ake koya mini, kuma me ya sa ban ga kaina a ciki ba? Wannan tambaya kuwa ba sai mun aro ta ba. Shekara huɗu kafin yajinsu, a 1964, Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, ya buga littafinsa a kan ilimi a Afirka, inda ya feɗe makarantar mulkin mallaka daga kai har wutsiya, ya kuma nemi a koyar da yara da harsunan iyayensu. Ina tuna wa abokina mai dariya cewa mutumin nan masanin kimiyya ne, wanda ya ƙarar da rayuwarsa kan aiki da hasken rana, kuma sunansa jami'armu take ɗauke da shi tun 1992. Bai ga wani saɓani ba tsakanin lissafi da sanin kai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a ce wa yarinyar Yamai ta ƙetare teku neman abin da ke binne a garinta. A nan cibiyar IRSH take, wadda tushenta ya koma ga reshen IFAN na 1944, kuma a sashenta na rubuce-rubucen Larabci da ajami akwai kundaye wajen 4000, waɗanda Bubu Hama ya fara tarawa tun yana shugaban majalisar dokoki. A nan CELHTO take, cibiyar adana tarihin baka, wadda aka kafa a 1968, ta koma hannun Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1974. Da hukumar UNESCO ta tashi rubuta babban tarihin Afirka, Bubu Hama da Joseph Ki-Zerbo suka rubuta babi guda a kundi na farko, Julde Laya ya rubuta babin ƙasashen Hausa a kundi na biyar, kuma Hausa tana cikin harsunan Afirka uku da aka fassara aikin zuwa gare su, tare da Fulatanci da Suwahili. André Salifu ya yi aiki a kan Damagaram, Jibo Hamani a kan Adar da Ayar. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Sai dai wa zai tona, alhali yaron da ya fito daga hannunmu da bak ba ya iya karanta layi biyu na ajami, wanda ya fito daga makarantar allo kuma ƙofar jami'a a rufe take gare shi? Baƙi daga Turai da Amurka suke zuwa, su zauna wata shida, su ɗauki hotuna, su koma su rubuta littafi, mu kuma mu saye shi da tsada in mun same shi. Ban ga laifinsu ba. Aikinsu suka yi.

Laifin yana wuyanmu, kuma ni ina cikin masu shi. Shekara da shekaru ina koyar da Senghor da Césaire da Damas, ina sa yara su yi sharhi a kan alfaharin baƙar fata da Faransancin da ba shi da tabo. Ina ƙaunar marubutan nan, ba zan daina koyar da su ba. Amma ran nan na tambayi ajina na ƙarshe inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Duka suka ce Sakkwato. Ba wanda ya san a Maratta ne, cikin ƙasar nan, a 1754, ko kuwa cewa ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas neman karatu. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, ba su taɓa jin sunanta a aji ba.

Ga wani kuma da ya kamata kowane ɗan lise ya sani. Dorugu yaro ne daga yankin Kance, cikin jahar Damagaram ta yau, wanda aka kama aka bautar, aka kai shi Kukawa ta Barno. Wani Bajamushe mai suna Overweg ya fanshe shi. Da ya rasu a 1852 yaron ya bi Barth, suka ƙetare kogin nan namu a Sayi a 1853, suka je Tambutu, daga bisani ya tafi da shi Ingila a 1855. A can ya zauna da wani ɗan mishan, Schön, ya shifta masa labarin rayuwarsa da Hausa, da abin da ya gani na Turawa, cin abincinsu da sanyin ƙasarsu, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Duba, mai karatu: bawa, ɗan ƙasar nan, yana nazarin Turai da harshen uwarsa tun kafin ayarin Voulet da Chanoine ya ƙone Lugu a 1899. A jami'o'in Amurka irin wannan labari na bayi shi ne ginshiƙin fannin, ana karanta shi kalma-kalma. Namu yana kwance, yaranmu ba su san da shi ba. Haka kuma ba su san cewa a Bahiya ta Barazil bayi Hausawa sun shirya bore a 1807, aka sake tashi a 1809 da 1814, kuma a babban boren 1835 an samu takardu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ashe tarihin Hausawa bai tsaya a bakin teku ba, kuma abin da yarinyar nan ta nema, a haɗa na gida da na ƙetare, daidai ta nema.

Yanzu ga amsar «me za ki ci da shi». Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ko mutum ya yi murna da wannan ko ya yi ƙorafi, tambaya tana nan: wa zai rubuta littafin tarihi na aji shida, wa zai fassara doka yadda alƙali da talaka za su fahimce ta iri ɗaya, wa zai tsara ƙamus, wa zai horar da malaman, wa zai riƙe gidajen rediyon karkara da gidan tarihi da ɗakunan ajiyar takardu? Takardar doka ba ta haifar ma'aikaci. Rabin ƙarni muna gwaji, kullum kukan ɗaya ne, babu littattafai, babu ƙwararru, sa'an nan idan yarinya ta ce za ta zama ƙwararriyar sai mu yi mata dariya. A Kano ana ba da digiri na Hausa har zuwa na dakta, a rubuta kundin da Hausa, a kare shi da Hausa. A Gana, inda Nkrumah ya buɗe cibiyar nazarin Afirka a 1963, ɗalibin jami'ar Legon sai ya bi ta darasin nazarin Afirka kafin ya karɓi digirinsa, ko wane fanni yake yi. Kuma in don zaman banza ne, abokina ya leƙa fadojin shayi na unguwarsa ya ƙirga masu lisansin shari'a da na tattalin arziki. Ban ji ya ce a rufe waɗannan sassa ba.

Mai kirari kuma, da shi na fi jin tsoro, don shi ne zai kashe fannin da sunan ƙauna. Idan sashen zai zama rumfar maroƙa, inda za a wuni ana faɗin mu ne jikokin fir'auna, mu ne jikokin Askiya, duk sharri daga Nasara ya zo, to gara a bar kuɗin a sayi alli. Su wa suka kama Dorugu? Ba Turawa ba ne. Hausawan da suka tsinci kansu a Bahiya, yaƙe-yaƙen ƙasar nan ne suka zubar da su hannun fatake. Sai a 2003 dokarmu ta mai da bauta babban laifi, kuma a Oktoba na 2008 kotun CEDEAO ta zauna a nan Yamai ta kama ƙasarmu da laifin kasa kare Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12, ta yanke a biya ta miliyan 10 na sefa. Ƙungiyar Timidriya tana wannan gwagwarmaya tun 1991. Har gobe akwai gidajen da ake fasa aure saboda an binciko kakan ango bawa ne ko maƙeri. Fannin da ba zai iya sa wannan a kan allo ba, ya sa ɗan sarki da jikan bawa su yi muhawara a kansa cikin aji guda da hujja, bai cancanci kujera a jami'a ba. A Oktoba na 2024 an sauya sunayen tituna, na De Gaulle ya koma na Jibo Bakari. Na ji daɗi, amma aikin yini guda ne da fenti. Yaron da zai bi titin ya san wane ne Jibo Bakari, me Sawaba ta nema a ƙuri'ar 1958, ina ta yi daidai, ina ta yi kuskure, wannan aikin shekaru ne.

Akwai wani rami kuma, kuma a matsayina na malamin Hausa ya wajaba ni in faɗe shi da bakina. Kada fannin ya zama na Hausa kaɗai da aka yafa wa mayafin Afirka. Ƴan uwanmu masu sauran harsuna sun nuna damuwarsu a 2025, kuma wanda ya toshe kunne bai yi wa Hausar alheri ba. Bahaushen da zai ɗauki wannan lisansi a tilasta masa Zabarmanci ko Tamajak ko Fulatanci ko Barbarci har ya iya ɗaukar tarihin baka da shi, kamar yadda za a tilasta wa Bazabarme wani harshen da ba nasa ba.

Abin da nake nema bai wuce wannan ba: lisansi guda na shekara uku, a kira shi nazarin Afirka da ƴaƴanta na ƙetare, wanda zai tattaro abin da ke warwatse tsakanin sashen tarihi da na harsuna da na adabi da na zamantakewa. A koyi ajami da tifinag da Larabcin karanta kundi. A koyi Ingilishi sosai, don rabin abin da aka rubuta a kanmu da shi aka rubuta. A riƙe Faransanci, don takardun mulkin mallaka ba za su fassara kansu ba. A shekara ta uku kowane ɗalibi ya yi wata uku a ƙauye da rakoda, ya dawo ya rubuta rahotonsa da harshen da aka ba shi labarin. A kuma buɗe ƙofa ga almajirin da ya ƙware a karatun zaure, ta hanyar jarrabawar shiga. Malaman suna nan, kundayen suna nan, gada ce kawai tsakaninsu da ɗaliban Harobanda. Ƙungiyoyinmu na al'adu, waɗanda ba sa gajiya da shirya dare na kaɗe-kaɗe, su rubuta wannan buƙata a takarda guda, su sa hannu tare da ƙungiyoyin malamai, su kai wa ma'aikatar ilimi mai zurfi.

Ɗalibar tawa a ƙarshe sashen tarihi ta shiga, bayan mahaifinta ya so ta yi shari'a, aka sha fama. Kowace Asabar da hantsi tana zuwa gidan wani tsohon malamin zaure a unguwarmu koyon ajami, ita da ƙawayenta biyu, kowace tana ba shi jika ɗaya a wata. Ni ne na huɗu a tabarmar, kuma duk sun fi ni saurin ganewa.