Tsitsikamma da Yawon Ƙafa na Iyali

Gandun Tsitsikamma da ke gaɓar Tekun Indiya a Afirka ta Kudu, wanda aka kafa a 1964, wuri ne na duwatsu masu kaifi da igiyar ruwa mai ƙarfi, amma yara ma suna da rabonsu. An shimfiɗa hanyar katako ta cikin kurmi har zuwa gadar lilo mai tsawon mita 77 a bakin Kogin Storms. Hawan matakalai ne kawai ke gajiyar da tsofaffi. Remaye kuwa suna shan hantsi a kan duwatsu, ba ruwansu da kowa. Hanyar Otter mai kwana 5 ta majiya ƙarfi ce. Ko farkonta akwai tsallake-tsallake da santsi, bai kamata a kai ƙananan yara can ba.