Hoton ƙwaƙwalwa da masu taɓin hankali a zangunanmu

A Nima da Maamobi, duk mun san gidajen da ake kulle matashi a ɗaki don yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko yana zargin ana bin sa. Mukan ce iska ce ko sammu. Likitoci kuwa suna kiran ciwon sikizofireniya, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana damun kusan mutum 1 cikin 300. Sau da yawa kuɗin neman magani daga aljihun ɗan'uwa mai fatauci a Aflao ko Paga yake fitowa, shi ya sa maganar ta shafe ku.

Tun a 1976 likita Eve Johnstone da abokan aikinta a Landan suka ɗauki hoton kan masu ciwon da na'urar CT, suka ga ramukan ruwa na tsakiyar ƙwaƙwalwarsu sun fi na masu lafiya faɗi. A 2016 binciken ENIGMA ya kwatanta hotunan MRI na majinyata fiye da 2,000 da na masu lafiya fiye da 2,500, ya gano sashen da ke riƙe tunawa ya ɗan ƙanƙance. Ke nan ciwon yana da gurbi a jiki, kamar hawan jini.

To amma a yi hattara. Sai an haɗa hotunan jama'a da yawa ake ganin wannan bambanci, hoton mutum ɗaya ba ya tabbatar da ciwon. Likita yakan gane shi ne ta hira da majinyaci da iyalinsa, hoto kuma sai in yana zargin ƙari ko rauni a ka. Kada kowa ya karya jarinsa kan hoton da likita bai nema ba.

Babbar asarar ita ce jinkiri, domin wanda aka fara wa magani da wuri ya fi samun sauƙi. Gana tana da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2012, an kuma haramta ɗaure majinyaci da mari a 2017. Asibitin masu taɓin hankali na Akra da na Pantang ba su da nisa da mu, kuma tun Nuwamba 2024 aka sanya wannan ciwo cikin inshorar lafiya ta ƙasa.

Muna kira ga limamai da sarakunan zango su faɗi wannan a huɗuba da wurin suna da biki: a ci gaba da addu'a, a kuma kai yaro asibiti. Ku kuma masu aiko kuɗi, ku tambaya ko katin inshorarsa yana aiki.