Kuɗin Tarar "Wayyo Allah"

A makon jiya ɗan ƙanena ya dawo daga makarantarsu da ke cikin birnin Kano, yatsa a kumbure, ga kuma takardar tara a aljihu. Ƙofar aji ce ta datse shi, ya ƙwalla "wayyo Allah", monita kuwa ya rubuta sunansa cikin masu yin "banakula", wato Hausa. Naira hamsin cif. Na tambaye shi, da wane harshe ake so ka ji zafin? Ya ce malam bai kawo su wannan darasin ba tukuna.

Na yi dariya har da ƙwalla, daga baya abin ya tsaya mini a rai. A 1909 Hanns Vischer, Baturen da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, bayan ganuwa, kuma da Hausa aka koyar da karatu da lissafi a cikinta. Bature ya yarda harshenmu zai ɗauki ilimi, mu jikokin ɗalibansa mun yanka masa tara.

Gwamnati ma ta kasa tsayawa wuri guda. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a soma firamare da harshen uwa. A 2022 aka ce a yi shekaru shidan duka da shi. A 2025 aka soke, aka koma Turanci. Alhali tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya gwada koyarwa da Yarbanci a Ife, yaran suka yi zarra, har a Turancin ma ba a bar su a baya ba.

Mai karatu, ba gaba nake yi da Turanci ba. Da shi ake rubuta jarrabawa, da shi nake cin abinci. Amma yaron da ke ba da canji a Kasuwar Kurmi ba kuskuren ko sisi, ya shiga aji lissafi ya gagare shi, ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, tambayar ce bai ji ba. A koyar da Turanci da kyau a matsayin darasi, sauran kuwa a fara da harshen da yaro yake mafarki da shi.

Tarar dai na biya. Na kuma ja masa kunne: in ƙofa ta sake datse shi, ya daure ya iso gida, a nan kuka kyauta ne.