Godiya Ita Ce La'adar Mai Aikin Sa Kai

Duk falken da aka gaya wa akwai wani aiki da dubban mutane su ke yi dare da rana, shekara da shekaru, ba albashi ba la'ada, tambayar da zai fara yi ita ce, ina ribar? Tambaya ce ta hankali, ta kuwa cancanci amsa, domin aikin nan akwai shi, sunansa Wikipedia. Wani babban kundin ilmi ne da ke cikin intanet, wanda Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe a Amurka ran 15 ga Janairu, 2001. Yau ana rubuta shi da harsuna fiye da 300, har da Hausa da Larabci da Fulatanci, na Turanci kaɗai kuwa ya cika maƙala miliyan 7 a shekarar 2025. Akwai Gidauniyar Wikimedia, wadda aka kafa a 2003, ita ke karɓar gudummawar jama'a tana biyan kuɗin na'urori da na ma'aikatan da ke lura da su. Amma masu rubuta maƙalolin da masu gyara su, ba a biyansu ko anini a kan rubutun. Abin da ke riƙe da su shi ne son aikin, da kuma ganin cewa abokan aiki sun san da wahalarsu. Saboda haka godiya a wurin nan ta wuce ladabi kawai, ita ce la'adar mai aiki. Wanda ya hana ta ya tauye ɗan'uwansa, ya kuma jawo wa masu karatu hasara.

Ga yadda aikin ya ke tafiya. Wani zai fara maƙala a kan wani gari, ya rubuta layi biyar ya tafi. Wani daga wata ƙasa ya zo ya ƙara shekarar da aka kafa garin. Na uku ya ga an faɗi magana ba madogara, ya nemo littafin da ta fito ya rataya mata. Na huɗu ba abin da zai yi sai gyaran harafi da ɗigo. Kowane shafi yana da tarihinsa, inda a ke ganin sunan wanda ya taɓa shi, da rana, da sa'a, da abin da ya ƙara ko ya rage. Malamai ba za su yi mamakin wannan ba, gama sun saba da littafin hannu wanda wani ya wallafa, wani ya kwafa, wani ya yi muƙabalarsa da asali, wani kuma ya cika gefensa da hashiya. Sun san al'adar magabata masu kwafar littattafai, waɗanda in sun kai ƙarshe su kan roƙi duk wanda ya ga kuskure ya gyara, ya kuma yi musu uzuri. Fatake su ma sun sani, ayarin da ya ke zuwa Gwanja neman goro ba madugu kaɗai ke kai shi ba, akwai jagaba mai nuna hanya, akwai masu kora jakuna, akwai mai masauki da ke jira a zango. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, amma taron mutane ba ya rasa saɓani, kuma kundin nan ya ɗanɗana kuɗarsa. A Wikipedia ta Turanci yawan masu gyara na yau da kullum ya yi ta hauhawa har ya haura dubu 50 a shekarar 2007, daga nan sai ya soma raguwa. Wani masani, Aaron Halfaker, shi da abokansa uku suka binciki dalili, aka buga sakamakon a 2013. Abin da suka gano shi ne, sababbin shiga masu kyakkyawar niyya ba su daina zuwa ba, tarbar da a ke yi musu ce ta sake. Domin gudun masu ɓarna an ƙirƙiro na'urorin da ke soke gyara cikin ƙiftawar ido, su aika wa mai shi takardar gargaɗi wadda aka riga aka tsara. Sai ya zamana mutum ya ɓata darensa yana rubutu, da safe ya tarar an share, ba kuwa ɗan Adam ɗin da ya ce masa sannu. Da yawa daga cikinsu ba su sake dawowa ba. An yi shinge domin ɓarawo, sai ga shi shingen ya tare baƙo.

Tun kafin wannan masu aikin sun ƙago wa kansu hanyar yabo. Daga 2003 suka fara ba juna wani hoton tauraro, wanda aka samo siffarsa daga taurarin ƙarfe da manoman wani yankin Amurka su ke kafawa a jikin rumbunansu. Manoman can suna da al'adar taruwa su gina wa ɗayansu rumbu, watau irin gayyar ƙasar Hausa, shi ya sa alamar ta dace. Ba sarki ke ba da tauraron nan ba, ba kuwa hukuma. Kowane mai gyara yana da ikon liƙa wa ɗan'uwansa shi a shafinsa, ya rubuta dalili. A 2013 kuma aka ƙara wani ɗan maɓalli na godiya a cikin tarihin kowane shafi. Abin lura a nan shi ne inda aka sa shi, dab da maɓallin soke gyara, wanda ya riga shi zuwa da shekaru. Ashe an daɗe ana iya rushe aikin mutum da taɓawa ɗaya, alhali ba a iya gode masa da taɓawa ɗaya.

Mai shakka zai ce, hoton tauraron da ba ya sayen ko goro ɗaya, me zai ƙara? An gwada, an kuwa auna. A 2012 waɗansu masana biyu na Jami'ar Stony Brook a jihar New York, Michael Restivo da Arnout van de Rijt, suka zaɓi mutum 200 daga cikin waɗanda suka fi ƙwazo, suka ba 100 tauraro ta hanyar ƙuri'a, suka ƙyale sauran 100. Cikin kwana 90 aikin waɗanda aka yaba ya ɗara na 'yan'uwansu da kashi 60 cikin ɗari. Wata masaniya kuma, Jana Gallus, ta yi irin wannan gwaji a Wikipedia ta Jamusanci, inda a ke ba sababbin shiga lambar yabo mai hoton wani farin fure na duwatsun Suwizalan. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna yawan waɗanda suka ci gaba da aiki a wata na gaba ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, tasirin kuma bai gushe nan da nan ba. Falken da ya sami hanyar da za ta riƙe masa abokan ciniki haka, ba tare da ya kashe ko kwabo ba, labudda ba zai yi sakaci da ita ba.

Waɗansu malamai za su kawo wata hujja mai nauyi, su ce aikin da aka yi domin amfanin jama'a bai kamata a jira yabo a kansa ba, yabo kuma ya kan kumbura kai, ya jawo riya. Gaskiya ne, sai dai akwai bambanci tsakanin neman yabo da bayar da shi. Tsarkake niyya nauyi ne a kan mai aiki, godiya kuwa nauyi ce a kan wanda aka yi wa aikin. Ikhlasin wancan ba ya sauke wa wannan abin da ke wuyansa. Manomin da aka yi wa gayya ba ya cewa tun da sun zo don zumunci ba sai an dama musu fura ba.

Duk da haka yabo yana da tarko, wajibi ne a san shi. A cikin gwajin nan na 2012, mutum 12 daga cikin waɗanda aka ba tauraro sun sake samun wani daga hannun waɗansu mutane dabam, alhali a ɗaya rukunin mutum 2 kaɗai suka samu, ga shi kuwa tun farko ƙuri'a ce ta raba su. Watau yabo ya kan bi inda yabo ya riga ya sauka, kamar yadda masu saye su ke tururuwa rumfar da suka ga an cika. In ba a yi hattara ba, sai fitattu su yi ta tara taurari, mai share dattin shafi da mai gyaran ɗigo su tsufa ba wanda ya san sunansu. Tarko na biyu shi ne ƙidaya. In aka ce wanda ya fi yawan maƙala shi ne gwani, to, an buɗe ƙofar algus, domin mutum zai iya zuba rubutun wani harshe cikin na'urar fassara, ya kwaso abin da ta amayar ya jibge, ko dubawa bai yi ba. Mudu ya cika, amma da ƙaiƙayi. Saboda haka yabon da ke da amfani shi ne wanda ya ambaci aikin da sunansa, a ce an gode da littafin da ka nemo wa magana kaza, ko an gode da ka daidaita sunan gari kaza. Irin wannan yana gaya wa mutum an karanta abin da ya yi, yana kuma koya masa abin da a ke so ya ƙara.

Kada kuma a ɗauka kyautatawa ita ce a ga kuskure a yi shiru. Abin da ya faru ga Wikipedia ta harshen Scots, wani harshe na ƙasar Sikotilan, ya isa wa'azi. A watan Agusta na 2020 aka fallasa cewa dubban maƙalolinta wani matashi ne ɗan Amurka ya rubuta su, wanda bai iya harshen ba. Tun yana yaro ya fara, da kyakkyawar niyya, yana ɗaukar Turanci yana sauya kalmomi da taimakon ƙamus. Shekaru suka shuɗe yana aiki kusan shi kaɗai, babu isassun masu harshen da za su zauna da shi su nuna masa. Ran da asiri ya tonu sai zagi ya yi ta sauka a kansa daga ko'ina, daga baya masu harshen suka taru suka shiga gyara. Da sun zo tun a shekarar farko, da yaron ya tsira daga kunya, harshen ya tsira daga ɓarna. Ma'abota tsangaya sun fi kowa sanin wannan. Alaramman da ke yi wa gardi darasu ba ya fasa allon don ya ga kuskure, ba ya kuma mayar masa da shi da kuskuren a ciki. Ya kan nuna wurin, a gyara, gobe almajirin ya dawo da wani allon. Ƙa'idodin Wikipedia kansu sun yi umurni da kyautata zato ga abokin aiki, sun hana a tsangwami sabon shiga. Abin da ya rage shi ne aiki da su.

Maganar nan ta fi shafar harsunan da masu rubuta su ba su da yawa, Hausa tana cikinsu. Kundin Turanci in ya kori mutum ɗari, gobe waɗansu za su zo. Na Hausa kuwa, in mutum ɗaya mai kyakkyawar Hausa ya yi fushi ya tafi, giɓinsa zai daɗe bai cike ba. Ga shi kuma abin da aka rubuta a can ba ya tsayawa can, ɗalibai suna kwafa, 'yan jarida suna ɗauka, na'urorin fassara da masu amsa tambaya suna koyon harshe daga gare shi. Gurɓatacciyar Hausar da aka bari yau, ita za a mayar wa yara gobe a ce musu ita ce daidai. Malamin da ya san tarihin malaman garinsu da littattafan da suka bari, da attajirin da ya san sunayen hajoji da hanyoyin kasuwanni tun daga Kano har Agadas, suna da abin da samarin da ke wannan aiki su ke bukata. Ko ba su zauna gaban kwamfuta ba, suna iya nuna littafin da za a dogara da shi, su saurari abin da aka rubuta, su faɗi inda aka karkace, su sa albarka inda aka daidaita.

A kasuwa, mai awo in ya cika mudu ya kan ƙara ɗan abu a kai, sunan wannan ƙari gyara, don shi ne mai saye ke komowa. A wurin masu rubutu kuma gyara shi ne fid da kuskure. Ya kamata mai aikin kundin nan ya haɗa biyun a hannu ɗaya, in ya gyara wa ɗan'uwansa rubutu ya ɗora masa kalmar godiya a kan abin da ya yi daidai. Tsofaffin hannu su riƙa leƙa tarihin shafi suna neman sunan da ba su saba gani ba, su yi masa maraba tun bai karaya ba. Masu shirya gasa su auna kyau kafin su ƙirga yawa. Mai karatu kuma da ya amfana da wata maƙala, ya tuna wani ne ya hana idonsa barci a kanta, bai kuwa nemi kome ba. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan irin wannan, suka ce yaba kyauta tukwici. Allah ya sa a gane, wassalamu.