Wa Ya Cancanci Kambun Kyaftin? Musun Da Ya Tashi A Kakuri

 

Ranar Asabar da ta wuce mun je wani gidan kallon ƙwallo a Kakuri tare da abokanmu biyu, ɗaya daga Barnawa, ɗaya daga Narayi. Ana cikin wasa sai man janareto ya ƙare. Kafin yaron gidan ya je ya sayo, wani mai gyaran waya da ke zaune a bencin gaba ya jefo magana, wai shi har yanzu bai gane abin da ya sa koci Eric Chelle ya tsallake Victor Osimhen ya ba Wilfred Ndidi kambun kyaftin na Super Eagles ba. Bai rufe baki ba wani ya ƙara da cewa, to shi Chellen ma wace ƙungiya ya taɓa ciyo wa kofi? Nan take ɗaki ya rabu biyu. An kawo mai, an tayar da inji, wasa ya dawo, amma rabin jama'a sun juya wa talabijin baya suna ta musu.

Mun kawo muku wannan musu ne domin mun ga irinsa a makaranta ba sau ɗaya ba, duk lokacin da za a naɗa monita, ko shugaban ɗalibai, ko kyaftin ɗin ƙungiyar aji. Kuma mun san abokan da suka daina gaisawa har zangon karatu ya ƙare a kan haka.

Ga yadda abin ya faro. A watan Disambar 2025, ana shirin tafiya gasar cin kofin nahiyar Afirka a Maroko, William Troost-Ekong ya sanar da cewa ya daina buga wa Najeriya wasa. A watan ne kuma Ahmed Musa, wanda ya buga wa ƙasar wasa 111, shi ma ya yi bankwana. Sai kambu ya koma hannun Ndidi.

Masu goyon bayan Osimhen suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Shi ne gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2023. Shi ne wanda masu tsaron baya ke tsoro, kuma duk ranar da ba ya fili kowa yana ganin giɓinsa. Suka ce Ndidi kuwa sau biyu Leicester City tana faɗawa rukuni na ƙasa yana cikinta, a 2023 da 2025. Ta yaya wanda ƙungiyarsa ta faɗi zai ja ragamar ƙasa?

Masu kare Ndidi suka ce ai da Leicester ɗin ya ci kofin FA a 2021, don me ba a faɗi wannan ba? Suka ƙara da cewa tun 2015 yake cikin tawagar ƙasa, kuma ɗan wasan tsakiya ne, wanda yake ganin gaba yake ganin baya, muryarsa tana isa ga mai tsaron raga tana isa ga ɗan wasan gaba.

Mu dai da muka saurari ɓangarorin biyu, sai muka lura ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Waɗancan suna faɗin wanda ya fi iya ƙwallo. Waɗannan suna faɗin wanda ya fi iya riƙon mutane. Kafin a yanke hukunci sai an san mene ne aikin kyaftin tukuna.

Dokokin ƙwallon ƙafa da hukumar IFAB ke tsarawa ba su ba kyaftin wata gata ta musamman ba. Abin da suka ɗora masa shi ne wani kaso na alhakin yadda 'yan wasansa ke nuna hali a fili. Shi ke tsayawa wurin jefa kwabo kafin a take wasa. Tun daga gasar Turai ta 2024 kuma aka fara aiki da tsarin cewa idan an yi hukunci mai zafi, kyaftin kaɗai ne zai tunkari alƙalin wasa ya nemi bayani, sauran su ja baya. Kun ga ke nan ana son mutumin da zai iya magana cikin natsuwa a daidai lokacin da zuciyar kowa ta hau. A wajen fili ma haka ne. A watan Nuwambar 2025, da 'yan wasa suka ƙi fita atisaye a Rabat kan kuɗaɗen alawus, ana saura kwana biyu su kara da Gabon, Troost-Ekong ne ya fito ya sanar da cewa an daidaita. Hausawa suka ce babba juji ne. Kambun nan kaya ne ake ɗora wa mutum, ba lambar yabo ba.

A nan ne wani daga bayanmu ya tuna wa mai gyaran waya wasan Mozambik, wanda Najeriya ta ci 4-0. Osimhen ya zura ƙwallo biyu a ranar, amma duniya ta ga yadda ya fusata da Ademola Lookman a tsakiyar fili kan rashin ba shi ƙwallo. Wannan zafin zuciyar shi ke sa Osimhen ya bi ƙwallon da kowa ya fid da rai da ita har ya cim mata, don haka ba mu ce ya bar shi ba. Sai dai mai irin wannan zafi yana bukatar wani a kusa da zai dafa kafaɗarsa. Idan shi ne kyaftin, wa zai dafa shi?

Ana cikin haka wani dattijo, tsohon ma'aikacin masaƙa, wanda tun ɗazu bai ce uffan ba, ya yi gyaran murya. "Ku yara," in ji shi, "kun manta da 2015 ne?" Muka ce, "Baba, a lokacin muna firamare." Ya yi dariya, ya fara ba mu labari, mu kuma da muka koma gida muka bi diddigi muka tarar haka abin yake.

A watan Oktoban 2015, a sansanin da tawagar ta yi a Beljiyam, koci Sunday Oliseh ya karɓe kambu daga hannun mai tsaron raga Vincent Enyeama ya ba Ahmed Musa. Aka yi sa-in-sa, Enyeama ya bar sansanin, ya kuma daina buga wa ƙasa wasa bayan ya yi wasa 101. A wannan sansanin ne ma Ndidi, yana ɗan shekara 18, ya fara buga wa Najeriya. Wata huɗu bayan haka, a Fabrairun 2016, Oliseh da kansa ya ajiye aiki. Samson Siasia ya karɓi riƙo, kambu ya koma hannun John Mikel Obi. Kyaftin uku ke nan cikin wata shida.

Sakamakon kuwa a nan garinmu aka gan shi. Ranar 25 ga Maris, 2016, Najeriya ta karɓi baƙuncin Masar a filin wasa na Ahmadu Bello. Baba ya ce da ƙafa suka tsallaka gada daga wannan ɓangaren kogi, kuma fili ya cika har mutane suka hau turakun fitilu. Oghenekaro Etebo ya ci mana, Mohamed Salah ya farke ana dab da tashi, aka tashi 1-1. Bayan kwana huɗu Masar ta doke mu 1-0 a Iskandariya, muka rasa gurbin gasar Afirka ta 2017. Ba mu ce rikicin kambu kaɗai ne ya jawo haka ba. Amma gidan da ake rigima a kan wa zai shige gaba, da wuya ya samu lokacin shirya wa baƙo.

Ku lura da abin da Ahmed Musa ya yi. An ba shi, an karɓe, bai yi yaji ba. Ya ci gaba da wasa a ƙarƙashin Mikel, ya ci ƙwallo biyu a ragar Iceland a gasar cin kofin duniya ta 2018, daga baya kambun ya dawo masa. Haka kuma a 2013, lokacin da marigayi Stephen Keshi ya ciyo mana kofin Afirka, kyaftin Joseph Yobo a benci ya yi yawancin gasar. An sako shi ana dab da tashi a wasan ƙarshe da Burkina Faso, shi ya ɗaga kofin, ba a ji kansu da kocinsa a lokacin gasar ba.

Sai batun tarihin Chelle, wanda ya fi zafi a ɗakin. Gaskiya ne bai taɓa horar da wata babbar ƙungiyar Turai ba. A ƙananan rukunonin Faransa ya yi aiki, da ƙungiyoyi irin su Martigues da Boulogne, kuma a Boulogne bai cika shekara ba aka sallame shi a 2021. A MC Oran ta Aljeriya wata uku kacal ya yi kafin Najeriya ta ɗauke shi a Janairun 2025. Haka kuma a gasar CHAN ta 'yan wasan cikin gida, a watan Agustan 2025, Sudan ta lallasa tawagarsa 4-0. Kuma a hannunsa muka rasa zuwa gasar cin kofin duniya ta 2026, bayan da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta fitar da mu a bugun fenariti ranar 16 ga Nuwamba. Karo na biyu ke nan a jere, kuma har yau abin yana mana ciwo.

To amma takardar sakamako ba a karanta rabinta. Chelle ya kai Mali zagayen ƙungiyoyi takwas a gasar Afirka da aka yi a Kwaddibuwa. Lokacin da ya karɓi Najeriya, maki 3 take da shi daga wasa 4 na neman gurbin kofin duniya. A wasa 6 da suka rage ya ci 4, ya yi canjaras 2, maki 14 ke nan, muka ƙare da 17, Afirka ta Kudu tana da 18. A Maroko kuma tawagarsa ta ci wasa biyar a jere, ta zura ƙwallo 14, mai masaukin baƙi ce ta tsayar da ita a bugun fenariti a wasan kusa da na ƙarshe, sannan ta doke Masar ta zo ta uku. Wanda ya faɗi na sama ya ɓoye na ƙasa bai yi adalci ba, haka ma wanda ya faɗi na ƙasa ya ɓoye na sama. Kamar ubanka ne ya duba makin lissafi kaɗai ya yanke hukunci a kan zangonka gaba ɗaya.

Sannan horar da ƙungiya daban, horar da ƙasa daban. Kocin ƙungiya yana tare da 'yan wasansa kullum, in ya rasa ɗan baya a sayo masa. Kocin ƙasa kwana kaɗan yake samu da mutanen da suka taho daga Turkiyya da Italiya da Ingila, ba shi da kasuwar da zai je. Keshi ma da ƙasashe ya yi suna, domin shi ya samo wa Togo gurbin kofin duniya na 2006. Shi ya sa kocin ƙasa ya fi kowa bukatar kyaftin mai haɗa kan jama'a, don ba shi da lokacin sasanta rigima.

Ra'ayinmu a wannan fili shi ne, zaɓen Ndidi ya yi daidai, kuma hakan bai rage wa Osimhen komai ba. Chelle kuwa ya gyara abubuwa da dama, amma bai kai mu inda muke so ba tukuna, saboda haka a ci gaba da auna shi da aikinsa a nan, ba da ƙungiyoyin da ya bari a baya ba. Abokinmu na Narayi bai yarda da mu ba har muka rabu a bakin titi, kuma gobe ma tare za mu zauna a benci ɗaya.

Yanzu gare ku. Idan an zo naɗa kyaftin ko monita a ajinku, kafin ku ɗaga hannu ku tambayi kanku: idan an ci mu, wa ke fara ƙarfafa wa mutane gwiwa, wa kuma ke fara neman wanda zai ɗora wa laifi? Wa ke riga kowa zuwa atisaye ko sharar aji? Wa zai iya tsayawa gaban malami ya faɗi kukan ɗalibai ba tare da rashin kunya ba? Sau da yawa za ku ga ba shi ne na ɗaya a jarrabawa ba, ba kuma shi ne mai yawan cin ƙwallo ba.

Kai kuma da kake ganin ka fi kowa iyawa amma aka tsallake ka, mun san da zafi, domin mu ma ya taɓa faruwa da mu a aji biyar, muka yi sati biyu ba mu leƙa fili ba, aka kuma buga wasan ba mu. Kada ka yi irin namu. Baba tsohon ma'aikacin masaƙa ya tuna mana cewa Rashidi Yekini a ƙungiyar masaƙar UNTL ta nan Kaduna ya fara. Ya ci wa Najeriya ƙwallo 37, shi ya ci mana ƙwallon farko a gasar kofin duniya a 1994, kuma ba da kambu ake tuna shi ba.

Ku rubuto mana yadda ake zaɓen kyaftin a makarantarku, da wanda kuke ganin ya dace da kambun Super Eagles, tare da dalilinku. Za mu buga waɗanda suka zo da hujja, ko da sun saɓa wa namu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.